Barcin Ɓeraye a Zauren Kakata

Na shiga jami'a da gemuna. Shekara bakwai na yi ina koyar da lissafi da tsabtar jiki a firamare, kafin kuɗin mai ya fara zuba, gwamnati ta ce duk mai takarda ya zo a karantar da shi, har da kaza ranar Lahadi. Na zaɓi ilimin haɗa magunguna, ba don wani dogon hange ba, sai don layinsa ya fi gajarta ranar cike takardu.

A shekarata ta uku aka koya mana abin da ya hana ni zama lafiya. Malaminmu dogo ne, mai magana a hankali kamar wanda ake biyansa don ya yi shiru. Ya ce magani in ya shiga jiki ba zaman dirshan yake yi ba. A cikin hanta akwai wasu sinadarai da ake kira enzayim, aikinsu su farfasa shi a fitar da shi. Sannan akwai abubuwan da ke ɗaure wa waɗannan ma'aikata hannu, sai maganin ya yi ta taruwa a jini, ƙwaya ɗaya ta yi aikin uku.

Bai tsaya a allo ba. Ya kawo fararen ɓeraye, ya ba rabinsu wani sinadari wanda ko suna ba shi da shi sai lamba, sannan ya yi wa dukansu allurar barci. Ƙa'idar mai sauƙi ce. Ka kwantar da ɓera rigingine, ka duba agogo. In ya juyo ya tsaya da ƙafafunsa, ya farka, ka sake duba agogo. Waɗanda ba a ba sinadarin ba suka tashi kafin a gama darasi. Sauran kuwa muka je muka ci abinci muka dawo suna nan ƙafa a sama. Ban taɓa ganin hanta da idona tana aiki ba sai ran nan, kuma da agogon hannu kawai. Na fita ina ji kamar an ba ni mabuɗin wani ɗaki.

Da wannan zumuɗi na tafi dogon hutu Jibiya, damina ta yi nisa.

Garin a lokacin ba ya barci da rana. Manyan motoci sun yi layi tun daga shingen kwastan har ido ya gaji, masu siminti da masu gangunan mai suna jiran fita, masu shanu da wake suna jiran shigowa. Kowa ya sayi rediyo, kowa yana son sabuwar riga. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, tela ne, rumfarsa na kallon shingen, kuma rabin kakin da ke tsaye a wurin shi ya rage masa ƙugu ko ya ƙara, yawanci ƙarawa.

Kawu yana da farfaɗiya tun yana saurayi. Akwai tabon wuta a hannunsa na hagu daga wata faɗuwa da ya yi kusa da murhu. Shekara shida ke nan yana karɓar wata ƙaramar farar ƙwaya daga asibitin sha-ka-tafi, fenobabiton, kuma cikin shekarun nan bai faɗi ko sau ɗaya ba. Ya yi aure, ya sayi keken ɗinki na biyu.

Ranar da na iso na same shi da hantsi ya kifa kai a kan keken ɗinki, wandon wani jami'i a ƙarƙashin kumatunsa. Da na tashe shi ya dube ni ya yi murmushi, maganarsa na jan ƙafa, ya miƙe yana tangaɗi kamar wanda ya sha abin da bai taɓa sha ba. An ce mini mako uku ke nan haka yake.

Kakata ta riga ta yanke hukunci. Ita ce mahaifiyarsa, ita ce kuma alƙalin gidan, kotun ɗaukaka ƙara ma ita ce. Ta ce ƙwayar asibiti ce ta taru masa a ciki shekara shida, yanzu take cinsa. Ta karɓe gwangwanin ƙwayar ta ƙulle a bakin zanenta, tana ba shi da hannunta, kuma ta yi alkawarin nan da kasuwa biyu, in bai warware ba, za ta kai shi gulbi ta watsar. Na san abin da ke biyo bayan yanke irin wannan ƙwaya farat ɗaya. Faɗuwar kan dawo, wani lokaci a jere ba hutu, kuma mutum kan tafi a haka. Na gaya mata da duk Hausar da nake da ita. Ta saurare ni har ƙarshe, ta ce, "Maigida, kai da ba ka iya dama fura ba, kai za ka gaya mani abin da ke cikin ɗana?"

Haka take kirana tun ina rarrafe, maigida, kuma ba ta taɓa yi mini biyayya ko ta rana ɗaya ba.

Washegari na ga kwalbar. Bayan ya haɗiyi ƙwayarsa sai ta tsiyaya masa wani baƙin jiƙo a moɗa, ya shanye yana runtse ido. Wata ƙawarta ce a ƙetaren iyaka take dafawa. An fara ba shi ne don ciwon ciki, kusan mako huɗu da suka wuce. Cikin ya lafa, barci ya zo, sai kaka ta ƙara masa yawan jiƙon don ya wanke dafin ƙwayar. Ya ƙara barci, ta ƙara jiƙo.

Na ce a dakatar da jiƙon kwana bakwai a gani. Ta ce ita ma abin da take cewa ke nan game da ƙwayar, kuma ita ta fara faɗa. Kawu ya miƙa mata moɗar. Mutum ne da bai taɓa musu da uwarsa ba ko yana farke.

Dole in faɗi gaskiya a nan. Tausayin kawu ya kama ni, amma ƙarƙashin tausayin wani abu na tsalle. Itace a dajin Maraɗi mai ɗaure hannun hanta, wanda ba wanda ya taɓa rubuta shi! Kafin azahar na riga na ga sunana a mujalla, da baƙaƙen Latin a gefensa. Na ce wa kaka ta ba ni zuwa kasuwa ta biyun kamar yadda ta ce, zan kawo mata shaidu. Ta tambayi ko malamai ne. Na ce kusan haka.

Kwana ɗaya zuwa Zariya, inda jami'armu take, kwana ɗaya dawowa. Malamin ya saurare ni bai katse ni ba, sannan ya ba ni ɓeraye ashirin da huɗu, duk maza, duk sa'annin juna, da kwalbar allurar barci, da sirinji, da ƙaramin sikeli, da siririn bututu na ɗura ruwa a baki. Ya ce kowane ɓera sau ɗaya za a yi amfani da shi, domin hanta tana koyon darasi, in ta ga maganin sau ɗaya, karo na biyu ta fi sauri. Ya ce kuma kowace rana a sami waɗanda aka ba ruwa zalla, don kwatance. Wato takwas-takwas, gwaji uku, ba na huɗu.

Da na sauka a tasha da akwatin katako mai huji-huji, wani tsohon ɗan kwastan, abokin cinikin kawu, ya tare ni don raha ya ce in buɗe. Ya leƙa, ya daɗe yana kallon jajayen idanu. Ya ce shekararsa goma sha tara a bakin iyaka, ya ga mai ɓoye atamfa cikin taya, ya ga mai sa wa rago riga ya zaunar da shi gaban mota, amma bai taɓa ganin wanda ya ɗauko ɓera daga Zariya ya kawo Jibiya ba, garin da rumbu ɗaya zai ba ka ɗari kyauta. Ya tambayi ko su ma sun yi boko. Na ce sun fi ni daɗewa a jami'a. Ya sara musu, ya ce in wuce.

Zauren kaka ya zama ɗakin gwaji. Na aro teburin yankan kawu, na rataye akwatin a azara saboda kyanwar gidan, wadda tun isowarmu ta daina fita yawo. Kaka ta shimfiɗa tabarmarta a bakin ƙofa da ƙwaryar gyaɗa tana ɓarewa. Ta ce ba kallo ta zo yi ba, zaurenta ne.

Ranar farko da safe na auna takwas. Huɗu na ɗura musu ruwa, huɗu jiƙon kawu, daga kwalbar da yake sha. Bayan awa ɗaya na yi wa kowa allura daidai nauyinsa, na jera su rigingine a kan tsumma, na ɗora agogo. 

Masu ruwa suka fara motsa gashin baki, ɗaya bayan ɗaya suka juyo, ba su cika awa ba. Masu jiƙo ko gezau. Awa ɗaya ta wuce, ta biyu ta wuce. Na yi ta sunkuyawa ina duba ko suna numfashi, suna yi, a hankali, cikinsu na tashi yana sauka. Aka kira azahar ban ji ba. Da na ƙarshe ya juyo, na fita tsakar gida ba takalmi, na zagaya turmi sau biyu, ni da na taɓa zama mataimakin hedimasta. Na dawo na ce wa kaka ta gani da idonta.

Ta ce ta ga na yi wa bayin Allah allura sun suma. Na ce duka takwas na yi wa, huɗu ne kawai suka daɗe. Ta ci gaba da ɓare gyaɗa, ta ce in jiƙon ne, to wane itace ne a ciki, don ita ta san su duka, ta sha su tun kafin a haifi uwata, ba wanda ya taɓa sa ta gyangyaɗi.

Tambayar da nake so ke nan. Da la'asar na ƙetare iyaka. Mu 'yan gari ba a tambayarmu takarda, ɗan kwastan ya ɗaga mini hannu, jandarman can ya ɗaga mini gira. Gidan mai jiƙo bai da nisa daga shingen nasu. Tsohuwa ce gajera, mai dariya da dukan jikinta, kuma da yake ƙawar kaka ce ita ma mijinta ta kira ni. Ta ɗan ja rai, ta ce sirrin gidansu ne tun kakanni, sannan ta shiga ɗaki ta fito da saiwa iri biyu da sassaƙe iri ɗaya, ta gaya mini yawan kowanne da daɗewarsa a wuta. Na rubuta komai. A hanyar dawowa ina ta shinshina su ina tunanin wanne ne a ciki zai kai ni Landan.

Na dafa su da kaina, daidai yadda ta ce. Rana ta biyu, huɗu ruwa, huɗu dahuwata. Duka takwas suka tashi kusan tare, kamar ɗalibai an buga ƙararrawa. Ɗaya daga masu jiƙon ma shi ya riga kowa, ya zauna yana wanke fuska yana kallona.

Kaka ba ta yi dariya ba, abin da ya fi ciwo ke nan. Ta ce, "To, itace ya fita. Saura ƙwaya." Ta shafa ƙullin bakin zanenta. Jibi kasuwa ta biyun, ɓeraye takwas suka rage.

Na je rumfar kawu na zauna a benci. Yana ƙoƙarin zura zare a allura, sau biyar yana kuskurewa. Na ba shi labari. Na ɗauka ya koma barci, sai ya ce, da wannan murya mai nauyi, shi in yana son ya koyi ɗinkin wani, ba ya karɓar ƙyallaye ya tafi gida, zama yake yi ya ga hannun mutumin. Ya ce, "Kai ka dafa. Ba ita ta dafa ba."

Da sassafe na sake ƙetarewa, na ce wa tsohuwar na zo koyon aiki. Ta ji daɗi, ta ba ni kujera 'yar tsugune. Ta wanke saiwoyin, ta daddatse, ta zuba a tukunya, komai kamar yadda na yi. Ya tafasa, ta sauke, ta tace da tsumma, ta bar shi ya huce. Ina shirin rufe littafina sai ta miƙa hannu bayan randa ta jawo wani gwangwani, ta ɗebo fararen kafso cike da tafin hannu, ta fara ɓalle su da farce tana zazzage garin a ciki, ɗaya bayan ɗaya, tana ba ni labarin auren jikarta. Ko kallon hannunta ba ta yi.

Na ce, "Inna, mene ne wannan?"

Ta ce, "Wanga? Kafso ne mana, mijina. Kowa na sa shi."

Ta yi mamakin mamakina. A wurinta sirri shi ne itacen, shi ta gada, shi kuma ta ba ni don darajar kakata. Kafso kuwa kamar kanwa ne a miya, ba wanda zai tsaya lissafa maka ita. Tunda motoci suka yawaita ya cika kasuwa a faranti, kusa da ashana, kuma masu jiƙo duk sun gane yana ƙara ɗaci, ciwon ciki kuma yana jin tsoronsa. Jiƙon da ba kafso, in ji ta, yanzu mutane cewa suke yi lami ne. Daga baya na gane duk Jibiya an san haka, har ɗan kwastan, har kyanwar gidanmu ina jin. Ni kaɗai ne ban sani ba, saboda ina jami'a.

Na karɓi gwangwanin. Rubutun Faransanci ne, amma sunan magani ba ya canja riga sosai in ya ƙetare iyaka: kuloramfenikol, maganin taifod. Landan ta tashi daga gabana nan take, na ji ta tafi. Amma ƙafafuna ba su sani ba, don da gudu-gudu na dawo, kafso biyu a aljihu, har jandarma ya taso daga benci ya ga ko wani ne ya biyo ni.

Kaka ta saurare ni ta ce ta san ana sa kafso, ai don shi ake sayen jiƙon. Amma ba ta yarda da gwajina ba kuma. Ta lura, in ji ta, ina lallaɓa waɗanda nake so su yi barci, ina ajiye su a hankali kamar ƙwai, sauran kuwa ina yi musu numfashi a ka. Na buɗe baki in musa, sai na tuna ba ni da tabbas. Ta ce wannan karon ita za ta haɗa. In auna ragowar dahuwata, wadda ta riga ta fita daga zargi, a kofi biyu daidai wa daida, in ajiye kafso ɗaya, in fita waje. Ita za ta zuba a wanda ta ga dama ta motsa, ba zan san ko wanne ba ne sai an gama.

Na fita na tsaya a ƙofar gida ina kallon motocin siminti, ina jin kunya da murna a haɗe. Da ta kira ni, kofunan biyu baƙi ƙirin, ba bambanci. Ta ɗiga wa ɓeraye huɗu shuni a baya ta ce su sha na dama, sauran na hagu. Agogona ma ta ce in riƙe abina, ita da kwanon gyaɗarta za ta auna. Aka kira kawu ya zauna a kan buhu, ya jingina da bango.

Na ɗura, na jira, na yi allura, na jera su. Zauren ya yi tsit sai ƙarar ɓawon gyaɗa. Kwanon farko bai gama cika ba farare huɗun suka juyo, suka fara yawo a kan tsumma. Masu shuni suna kwance. Ta juye kwano ta fara na biyu. Na dubi fuskarta ko zan karanta wani abu, ba komai, kamar takardar jarrabawar da ba a rubuta ba. Kwano na biyu ya cika. Hannunta ya fara rage sauri. A tsakiyar na uku ta daina ɓarewa gaba ɗaya, ta dubi ɓerayen nan huɗu, ƙafa a sama, baki a buɗe, sannan ta juya ta dubi ɗanta, wanda barci ya kwashe a kan buhu, kai a karkace, baki a buɗe.

Ta ce, "Na dama na sa wa."

Na so in yi jawabi. Na tanade shi tun a hanya, da hanta da ma'aikatanta da yadda kafso ke ɗaure musu hannu har ƙwayar kawu ta taru. Ba ta ba ni dama ba. Ta kwance bakin zanenta, ta ciro gwangwanin, ta ajiye a kan teburin kusa da sikeli, ta ce in ba shi abinsa in ya tashi. Kwalbar jiƙon kuwa da kanta ta ɗauka ta tuttular a bayan gida. Da ta dawo ta ce kada in ɗauka na iya dama fura.

Kawu bai warware rana ɗaya ba. Kwana huɗu kafin maganarsa ta miƙe, kusan mako biyu kafin ya zura zare a karo ɗaya. Na kai shi wurin likita a Katsina aka duba jininsa, domin wannan kafso in an daɗe ana sha yana iya busar da jini, aka ce Allah ya tsare. Kaka ta ƙetare da kanta ta yi wa ƙawarta bayani. Ban san me suka ce wa juna ba, ta dai dawo da ƙullin daddawa, alamar ba a ɓata ba. Ko tsohuwar ta daina sa kafso a na sauran mutane, ba zan rantse ba.

Da aka koma karatu na kai wa malamin littafina, shafi goma sha ɗaya da jadawali. Ya karanta a tsaye, ya miƙa hannu kan kanta ya sauko da wani ƙaton littafi, ya buɗe ya nuna mini da yatsa. An san abin tun ina koyar da 'yan aji uku. Ya ce ban gano komai ba, amma na auna shi daidai, wanda ya fi wuya. Sai ya koma shafi na tara ya tambayi wanda ya koya mini ɓoye wa kaina kofin da aka sa magani, don bai kai ga koya mana wannan ba tukuna. Na ce kakata ce, kuma ba don ilimi ta yi ba, don ba ta yarda da ni ba ne. Ya ce ai dalilin ke nan a ko'ina.

Ɓerayen ban mayar da su ba. Kaka ta hana, ta ce shaidu ne, ba a wulaƙanta su. Ta yi ta ba su dusa da gyaɗa a akwatinsu har suka tsufa, kyanwa na zaune a ƙasa tana duban azara. Kawu kuwa ya ci gaba da haɗiyar ƙwayarsa kowace rana, ya ajiye gwangwanin a aljihun keken ɗinki tare da allurai, kuma shi ya ɗinka mini rigar da na sa ranar da aka ba ni digiri. Hannun hagu ya ɗan fi na dama tsawo, amma wannan tun yana da lafiya haka yake yi.